Menora: Alkukin da Rum Ta Ƙwace Ya Zama Tambarin Ƙasa

A tsakiyar tsohon birnin Rum akwai wata ƙofar dutse da Sarki Domitiyan ya gina wajen shekara ta 81 Miladiyya, domin tunawa da ɗan'uwansa Titus. A jikinta an sassaƙa sojoji ɗauke da ganima, kuma abin da ido ke fara kaiwa gare shi shi ne wani alkuki mai rassa bakwai. Wannan ita ce menora, wadda aka ɗauke daga Haikalin Kudus bayan Romawa sun rushe shi a shekara ta 70. Shekaru aru-aru Yahudawan Rum suna ƙin bi ta ƙarƙashin ƙofar, don a wurinsu alama ce ta ƙasƙanci.

Asalin menora yana cikin Attaura. Littafin Fitowa ya ce an umarci Annabi Musa ya ƙera ta da zinariya tsantsa, rassa uku a kowane gefe da ɗaya a tsakiya, a riƙa kunna ta da man zaitun. Tun kafin rushewar Haikali ta fara zama alamar siyasa: Matatiyas Antigonus, sarki na ƙarshe na gidan Hasmoniyawa, ya buga ta a kan kuɗinsa tsakanin 40 da 37 kafin Miladiyya. Bayan rushewar kuwa, sai ta bazu a kan kaburbura da daɓen majami'u, ta zama babbar alamar Yahudanci ƙarnoni da dama kafin tauraro mai kusurwa shida ya samu wannan matsayi.

Mutane da yawa na rikita ta da alkukin bikin Hanuka, alhali ba ɗaya ba ne. Na Hanuka yana da gurabe tara: takwas na darare takwas na bikin, ɗaya kuma na kunna sauran. Bikin na tunawa ne da sake tsarkake Haikali a 164 kafin Miladiyya, bayan Makabiyawa sun yi wa Sarki Antiyokus na Huɗu tawaye. Talmud ya ruwaito cewa man da ya isa kwana ɗaya kacal ya ci har kwana takwas. Malaman Talmud sun kuma hana ƙera kwatankwacin menorar Haikali, saboda haka mai gurabe tara ce ta shiga gidaje.

Ka'idar bikin ita ce a ajiye fitilar inda masu wucewa za su gan ta, kuma a Turai ta ƙarni na ashirin wannan ya zama kasada. A birnin Kiel na Jamus, jim kaɗan kafin Hitila ya hau mulki, matar wani malamin Yahudawa, Rachel Posner, ta ɗauki hoton alkukinsu a bakin taga, tutar 'yan Nazi na rataye a ginin da ke fuskantarsa. Iyalin sun tsira da alkukin, kuma hoton na cikin sanannun shaidun wancan zamani.

A watan Fabrairun 1949 sabuwar ƙasar Isra'ila ta zaɓi tambarinta, wanda 'yan'uwa biyu, Gabriel da Maxim Shamir, suka zana: menora tsakanin rassan zaitun biyu. Siffar da suka kwaikwaya ita ce ta ƙofar Titus, da nufin nuna cewa abin da aka kai bauta ya dawo gida. Sai dai Babban Malami Isaac Herzog ya ƙi amincewa, domin gindin alkukin na Rum yana ɗauke da siffofin dodanni, abin da ya ce ba zai yiwu ya fito daga Haikali ba. Gardamar ta nuna tambayar da har yau ba a rufe ba: alamar ta ibada ce, ko ta ƙasa?

A Amurka tambayar ta ɗauki wata fuska. Ƙungiyar Chabad ta fara kafa manyan alkukan Hanuka a dandalin jama'a a shekarun 1970, har Shugaba Jimmy Carter ya halarci kunna ɗaya kusa da Fadar White House a 1979. Wasu ƙungiyoyin Yahudawa ne ma suka soki lamarin, suna ganin ya saɓa wa raba addini da gwamnati, ka'idar da ke kare tsiraru irinsu. A 1989 Kotun Ƙoli ta yarda a bar wani alkuki da aka kafa kusa da bishiyar Kirsimeti a Pittsburgh.

Ita kuwa menorar zinariya, labarinta ya yanke. An ajiye ta a Haikalin Salama na Rum. Marubucin tarihi Prokopiyus ya ce dukiyar Yahudawa ta tafi Kartaj bayan Bandalawa sun washe Rum a 455, daga can aka kai ta Kustantiniya a 534. Daga nan sawunta ya ɓace. Hoton da ya fi kowane shahara na menorar Haikali, wanda ke kan fasfon Isra'ila a yau, aikin masassaƙan waɗanda suka ƙwace ta ne.