Ƙugiyar Boko a Gidan Ɗigo Takwas

Abin da nake so mu duba yau shi ne irin rubutun nan mai kama da tubali bisa tubali, wanda aka sani a allon injinan wasa na dā, da kuma yadda ya yi da harufanmu masu ƙugiya.

Wannan rubutu tilas ce ta haife shi. Injinan wasa irin su Space Invaders na 1978 da Pac-Man na 1980 ƙwaƙwalwarsu ƙarama ce ƙwarai, saboda haka aka yanka wa kowane harafi gida mai ɗigo 8 a tsaye, 8 a kwance. A cikin wannan ma sai an bar layi guda fili don kada harafi ya manne da ɗan'uwansa. Wanda ya taɓa ganin mai ɗinkin hula yana ƙidaya zare kafin ya soka allura ya san irin wannan aiki.

To, ina ƙugiya za ta zauna? Harufan ɓ da ɗ da ƙ sun kafu ne a Zariya cikin shekarun 1930, zamanin da Dokta R. M. East ke shugabancin Hukumar Talifi, sa'an nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, ta kai boko lunguna. Amma da Amurkawa suka tsara jerin harufan kwamfuta na ASCII a 1963, gurbi 128 kaɗai suka yi, babu namu ko ɗaya. Ko da an ba su gurbi, akwai sauran aiki. Ƙugiyar babban Ɓ da Ɗ ta hagu take fitowa, wato sai mai zane ya matse cikin harafin ya sama mata layi. Ta ƙaramin ƙ kuwa, in ɗigo biyu aka ba ta, ido ba ya rabe ta da k sai da ƙyar.

Tsarin Unicode ya karɓi harufan tun 1991, amma wayar salula da ta shigo Nijeriya a 2001 ta maimaita tsohon ƙunci. Allon Nokia 3310 ɗigo 84 ne a kwance, 48 a tsaye. Har wa yau, saƙon tes yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa ƙugiya ɗaya sai ya koma 70, kuɗi ya ƙaru. A ganina a nan ne samari da yawa suka saba da rubuta kasa suna nufin ƙasa, da baki suna nufin baƙi, har ɗalibi daga Kafinsoli ko Kusada ya rubuta Kankara alhali kuwa Ƙanƙara yake nufi.

Yanzu masu zanen wasanni sun koma ga wannan salo don sha'awa, allo kuma ya wadata. Duk mai son sa Hausa a irin wannan wasa, abin da zai fara dubawa shi ne ko jerin harufan da ya ɗauko yana da Ɓ, Ɗ da Ƙ, manya da ƙanana. In babu, sai ya zauna ya ƙidaya ɗigo ya zana su da kansa.