Harshen Latin: Ko yana da amfani ga ɗaliban Kano?

Latin shi ne harshen tsohuwar daular Rum. A yau babu wata al'umma da ke tashi da shi a matsayin harshen gida, amma daga gare shi ne harsunan Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci suka samo asali.

Mazauna Fagge da Sabon Gari a birnin Kano suna cin karo da shi kullum, ko da ba su ankara ba.

Haruffan boko, waɗanda Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya koyar da su a makarantar da ya buɗe a Nasarawa a 1909, haruffan Latin ne.

A ina ake amfani da shi?

Idan likita ya rubuta "bd" ko "tds" a takardar magani, kalmomin Latin ya taƙaita, masu nufin a sha sau biyu ko sau uku a rana.

Lauyan da ke neman a gabatar da wanda ake tsare da shi gaban alƙali yakan ambaci "habeas corpus". Masana kimiyya kuma suna kiran dawa "Sorghum bicolor", wato mai launi biyu.

Cocin Katolika, wanda ke da mabiya da dama a Sabon Gari, da Latin yake gudanar da babbar ibadarsa har zuwa taron Vatican na 1962 zuwa 1965, wanda ya ba da damar amfani da harsunan jama'a.

Muhawara

Masu goyon bayan koyar da shi suna kwatanta matsayinsa a harsunan Turai da na Larabci a Hausa. Kamar yadda mai ilmin Larabci ke saurin gane asalin kalmomi irin su hukunci da shari'a, haka mai Latin ke fahimtar kalmomin likitanci da na aikin lauya ba tare da haddar ka ba.

Masu suka kuwa na ganin cewa a makarantun da ke fama da ƙarancin malaman Turanci da lissafi, ƙara wani darasin ɗora wa yara kaya ne. Jami'o'in Oxford da Cambridge ma sun daina sharɗanta shi ga duk masu neman shiga tun 1960.

Akwai kuma masu ra'ayin a koyar da tushen kalmomin kawai a cikin darasin Turanci da na kimiyya.

Mai son zurfafa karatu kuwa, Jami'ar Ibadan tana koyar da shi tun kafuwarta a 1948.