Tafkin Gidimuni, masaukin tsuntsaye

Yau hirarmu a kan wani tafki take, nan cikin ƙasar Damagaram. Sunansa tafkin Gidimuni. Da yawa daga cikinku sun wuce ta gefensa a mota, ba su tsaya ba.

In kana Dakusa, sai ka fara shigowa birnin Damagaram. Daga nan ka kama babbar hanya mai zuwa Gure, ka yi gabas. Za ka wuce Mirya. Daga birni zuwa Gidimuni kamar kilomita 70 ne. Hanya duk tudun rairayi ce da duwatsu da ƙaya. Kwatsam sai ƙasa ta gangara, ka hangi dabino da goriba da ruwa kwance a cikin kwari.

Wannan ruwa ba na jiya ba ne. A watan Disamba na shekarar 1852 wani Bajamushe matafiyi ya sauka a wurin. Sunansa Barth, amma a ƙasashenmu Abdulkarim ake kiransa. Ya taso daga Kukawa ta Barno, ya bi ta ƙasar Muniyo. A zamanin nan Sarki Tanimu ne bisa gadon Damagaram. Barth ya rubuta sunan garin Badamuni ko Gadabuni. Ya ga maɓuɓɓuga suna fitowa daga gindin tudu, mutane suna ban ruwa a garake. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tafkuna biyu gab da juna, ɗaya na ruwan daɗi, ɗaya na kanwa. Daga can ya wuce, ya shiga birnin Damagaram ran 25 ga Disamba.

Ku lura da wannan. Mutumin ya mutu tun da daɗewa, amma abin da ya gani bai ɓace ba, domin ya rubuta shi. Da littafinsa muke gwada jiya da yau.

Me ya sa ruwan ba ya tafiya da damina kamar na sauran tabkuna? Domin ba ruwan sama kaɗai ne ba. Ruwan da ya sauka bisa tuddai yana nutsewa cikin rairayi. Yana tafiya sannu a ƙarƙashin ƙasa, ya ɓullo cikin kwari. Shi ya sa masu garka suke aiki har cikin rani, shi ya sa kuma tsuntsaye suke taruwa.

In ka je, ka je da sanyi, ka yi sammako. Ka zauna gindin itace, ka yi shiru. Za ka ga balbela da zalɓe da kirinjijiya. Waɗannan na gida ne. Akwai kuma baƙi: ƙananan agwagin ruwa da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu. Daga Turai suke zuwa. Kafin sanyi ya yi tsanani a can, ruwa ya daskare, sai su ƙetare teku da Sahara. Suna isowa wajen ƙarshen damina, su koma kafin bazara ta yi ƙarfi. Bayan hamada, tafki irin wannan shi ne zangonsu na farko. Ayarin Azbinawa ma da rijiya yake auna tafiyarsa.

Wani lokaci akan sami tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa. Ba tsafi ba ne. Masu bincike ne suka sa masa, da lamba da adireshinsu. Kai da ka iya karatu yanzu, ka kwafe abin da ke jiki, ka kai wa ma'aikatan ruwa da gandun daji.

A shekarar 1971 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a garin Ramsar na ƙasar Iran, don kiyaye tafkuna da fadamu. Nijar ta shiga a 1987. An sa tafkin Lasuri na jihar Damagaram cikin jerin a 2005. Gidimuni ya shiga a 2019. Ku yi lissafi a littafinku: daga 1852 zuwa 2019, shekara 167 ke nan.

Amma mu faɗi gaskiya, takarda ba ta tare rairayi. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa a ƙasarmu, gatari ya ƙarasa wasu. Tudun da ba shi da itace, iska ce ke tura shi cikin kwari. Ga kuma kacala, ciyawar nan mai tsawo da ke cin bakin ruwa. Tana hana masunta shiga, tana ba jan-baki wurin kwana. Manomin gero ya san ɓarnar jan-baki, kuma ba za mu ce masa ya so shi ba. Amma agwagwar Turai ba ita ke cin hatsinka ba.

Ruwan da tsuntsu yake sauka a kansa, shi ne mai garka yake ɗiba da safe. In ka isa Gidimuni, ka nemi wani tsoho a bakin garka. Ka gaishe shi, ka ce: "Baba, ina ruwan nan yake kaiwa kuna yara?" Ka rubuta abin da ya nuna maka, ka sa rana da wata da shekara.