Rimis a kiɗan hawus

Rimis shi ne sake haɗa kiɗan waƙar da aka riga aka fitar, ta yadda za a riƙe wani ɓangare nata, galibi muryar mawaƙi, a sauya sauran. A kiɗan hawus, furodusa yakan yi aiki iri biyu: waƙar da ya ƙirƙira da kansa tun daga tushe, da kuma rimis na waƙar wani. Ayyukan biyu sun bambanta ta fuskar 'yanci, mallaka da kuma kuɗin shiga.

Asali

Kiɗan hawus ya samo asali ne a birnin Shikago na ƙasar Amurka a farkon shekarun 1980. Kiɗan rawa ne mai bugu huɗu daidai a kowace gaɓa, kimanin bugu 120 zuwa 130 a minti ɗaya. Ana danganta sunan da gidan rawa na Warehouse, inda Frankie Knuckles (1955-2014) ya fara aikin dije a shekarar 1977. Knuckles yakan yanka tef ɗin waƙoƙin disko ya sake jona su domin su yi tsawo. Ke nan gyaran waƙar wani ya riga ƙirƙirar sabuwa a tarihin wannan kiɗa. Shi ne ya fara lashe kyautar Grammy ta gwanin rimis a shekarar 1998.

Bambancin ayyukan biyu

A waƙar asali, furodusa ne ke zaɓen karin sauti, saurin kiɗa da mawaƙin da zai rera. Yana cikin masu haƙƙin mallakarta, kuma yana samun kaso muddin ana sayenta ko ana sa ta.

A rimis kuwa, kamfanin mawaƙi ne ke ba shi murya da sassan kiɗan a rarrabe. Yana iya zubar da ganga da jita ya sa nasa, amma dole ya bar abin da mai sauraro zai gane waƙar da shi. A al'ada ana biyansa ladan aiki sau ɗaya ne, haƙƙin mallaka kuma ya zauna wajen masu waƙar, ko da rimis ɗin ya fi ta asali karɓuwa.

Misalai

Ƙungiyar Everything but the Girl ta Birtaniya ta fitar da "Missing" a 1994 ba tare da ta yi tashe ba. Rimis ɗin Todd Terry ya kai ta matsayi na 3 a jadawalin Birtaniya a 1995, da na 2 a Amurka a 1996. Waƙar Terry ta kansa, "Something Goin' On" ta 1997, ta tsaya a matsayi na 5 a Birtaniya.

Armand Van Helden ya yi nasara a ɓangarorin biyu. Rimis ɗinsa na "Professional Widow" ta Tori Amos, wanda ya ɗauki kalmomi kaɗan kawai daga muryarta, ya zama na ɗaya a Birtaniya a 1997 da sunan Amos. Sai a 1999 ya hau wannan matsayi da sunansa, da waƙar "You Don't Know Me".

A Afirka kalmar ta ƙara wata ma'ana, wato gayyato sabon mawaƙi a kan kiɗan da ba a sauya sosai ba. Haka Master KG na Afirka ta Kudu ya yi a 2020, da ya saka Burna Boy a waƙarsa "Jerusalema" ta 2019.

A ƙasar Hausa

Hausawa sun daɗe da sanin wani salo da yake kishiyar rimis, inda ake riƙe karin waƙa a sauya kalmomi. Masu bandiri a Kano, kamar ƙungiyar Ushaq'u Indiya, sun ɗora yabon Annabi (SAW) a kan karin waƙoƙin finafinan Indiya, kuma waƙoƙin finafinan Hausa da dama sun bi wannan hanya.

Rimis na zamani ya fi fitowa daga hannun dijoji, waɗanda ke ƙara wa waƙa sauri da ganga domin rawar biki. A garuruwan kudancin Kano irin su Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, waƙa takan isa ga mutane ta wajen masu tura waƙoƙi a waya da kuma WhatsApp. A wannan hanya sau da yawa sunan mawaƙi ko na dije kaɗai ke biyo waƙar, sunan wanda ya haɗa kiɗan asali a sutudiyo ya ɓace. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta bai wa mai waƙa ikon amincewa ko hana a sake fasalin aikinsa.