Gaskiya a Gaban Alƙali: Tarihin Shari'ar Ɓata Suna Daga Ingila Zuwa Arewacin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin tambaya guda a tarihin shari'a: idan mutum ya faɗi abin da ya zubar da mutuncin wani, kuma abin gaskiya ne, shin gaskiyar za ta fisshe shi a kotu? Amsar ta sha sauyawa cikin shekaru ɗari bakwai, kuma a kanta 'yancin ɗan jarida da na marubucin tarihi ya rataya.

2.0 Asali

Da fari dai kotunan coci ke sauraron irin wannan ƙara a Ingila. A 1222 taron limaman Kirista a Oxford ya zartar da cewa duk wanda ya jingina wa wani laifi bisa ƙeta, a fitar da shi daga jama'ar coci. A 1275 kuma Sarki Edward na Ɗaya ya kafa dokar hana baza labaran ƙarya game da manyan ƙasa. Cikin ƙarni na 16 kotunan sarki suka fara ba da diyyar kuɗi, daga nan hanya ta rabu biyu: ƙarar neman diyya, wadda mutum ke kaiwa da kansa, da tuhumar laifi, wadda hukuma ke yi.

3.0 Sharuɗɗan Ƙara

A ƙarar diyya, abu uku ne alƙalan Ingila suka ɗora wa mai ƙara. Na ɗaya, ya nuna maganar tana rage masa daraja a idon masu hankali. Na biyu, cewa shi ake nufi, ko da ba a ambaci sunansa ba. Na uku, cewa ta isa ga wani mutum na uku, domin zagin da bai wuce tsakanin mutum biyu ba, ba ya jawo diyya. In a rubuce ne, ba sai ya nuna hasara ba. In da baki ne, galibi sai ya nuna. Wanda ake ƙara kuwa yakan kuɓuta in ya tabbatar da gaskiyar maganarsa, ko ya nuna sharhi ne na adalci kan lamarin jama'a, ko ya faɗe ta a wurin da doka ta kare, kamar majalisa da kotu.

4.0 Gaskiya da Tuhumar Laifi

A ɓangaren laifi abin ya sha bamban. Tun farkon ƙarni na 17 kotun sarki da ake kira Star Chamber ta tsaya kan cewa gaskiya ba hujja ba ce, saboda abin da ake tsoro shi ne tashin hankali, kuma maganar gaskiya ta fi ƙarya harzuƙa wanda aka tona. An rushe kotun a 1641, amma ƙa'idar ta wanzu. A 1735 aka gurfanar da John Peter Zenger a Niyok don jaridarsa ta soki Gwamna William Cosby. Lauyansa, Andrew Hamilton, ya roƙi juri, watau mutum 12 da akan zaɓo daga cikin jama'a, su dubi gaskiyar rubutun, suka sallame shi duk da doka ba ta yarda da wannan hujja ba. Sai a 1843 majalisar Ingila ta amince gaskiya ta zama kariya, da sharaɗin cewa bayyana ta ya kasance don amfanin jama'a.

5.0 Arewacin Nijeriya

Kafin zuwan Turawa, alƙalan ƙasar Hausa na da hukuncin ƙazafi a fiƙihun Malikiyya: bulala 80 ga wanda ya jefi kamili da zina bai kawo shaidu huɗu ba, sauran zagi kuma a yi ladabtarwa gwargwadon ganin alƙali. Da mulkin mallaka ya kafu, kotunan Turawa suka ɗauki dokokin Ingila yadda suke ran 1 ga Janairu, 1900. A 1960 kundin laifuffuka na Jihar Arewa ya fara aiki. An samo shi daga na Sudan, shi kuma daga na Indiya na 1860. Sashe na 391 ya fayyace ɓata suna, na 392 ya yanke ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. Kariyar gaskiya a cikinsa ta zo da sharaɗin nan na amfanin jama'a.

6.0 Kammalawa

Gana ta soke laifin ɓata suna a 2001, Ingila ta bi sahu da dokar 2009, duka suka bar wanda aka zalunta ya nemi diyya. Abin da ya kamata masana shari'a na ƙasar nan su auna shi ne ko ya dace mai faɗin gaskiya ya fuskanci kurkuku don kawai alƙali bai ga amfaninta ga jama'a ba.