2.3 Taƙaitaccen Tarihin Shagon Iyalan Panini

A wannan sashe za a dubi tarihin shagon iyalan Panini na birnin Modena a ƙasar Italiya, domin nuna yadda sana'ar gida kan bunƙasa har ta fita daga hannun masu ita.

Asalin shagon 'yar rumfar sayar da jaridu ce, wadda Olga, matar da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya takwas, ta fara gudanarwa a shekarar 1945. A 1960 sai biyu daga cikin 'ya'yanta, wato Giuseppe da Benito, suka sayi hotunan 'yan ƙwallon ƙafa da suka yi kwantai a hannun wani kamfani a Milan. Suka riƙa sa bibbiyu a ambulan suna sayarwa a kan lira 10, har suka sayar da ambulan miliyan 3. Da yake mai saye bai san hoton da zai tarar ba, sai yara suka dinga ƙara saye suna musaya da junansu.

Wannan nasara ce ta sa suka kafa kamfani a 1961, suka fitar da littafin liƙa hotuna mai suna Calciatori. Daga baya Umberto da Franco suka shigo cikin harkar. A 1970 aka buga littafin gasar cin kofin duniya ta Meksiko.

Sai dai a 1988 iyalan suka sayar wa Robert Maxwell na Ingila da kamfanin. Sunan Panini ya wanzu, amma mallakar ta bar gidan.