Ɗaga Ƙarfe da Ƙarfin Naushi: Nazari a kan Horon 'Yan Dambe a Yankin Birnin Konni

Tsakure

Masu horar da 'yan dambe sun daɗe suna saɓani a kan ɗaga ƙarfe. Wasu na ganin yana ƙara wa naushi nauyi, wasu na cewa yana sandarar da jiki ya kashe saurin hannu. Wannan maƙala ta auna ra'ayoyin biyu da sakamakon binciken masana motsa jiki daga 1951 zuwa 2021, sannan ta ɗora abin da aka samu a kan yanayin ɗan damben gargajiya na gundumomin Birnin Konni da Malbaza da Illela a jihar Tahoua. Matsayinta shi ne, ɗaga ƙarfe yana amfanar ɗan dambe idan ƙafafu da ƙugu da saurin motsi aka nufa da shi, yana kuma cutar da shi idan aka mayar da shi hanyar kumbura ƙirji da damatsa.

Muhimman kalmomi: dambe, ɗaga ƙarfe, naushi, horo, Birnin Konni.

1.0 Gabatarwa

Dambe wasa ne da Bahaushe ya gada, asalinsa a hannun mahauta da rundawa, lokacinsa kuma kaka, bayan amfanin gona ya shigo gida. Birnin Konni yana bakin iyakar Nijar da Najeriya, kilomita kaɗan daga Illelar Najeriya a kan hanyar Sakkwato, don haka 'yan wasa da makaɗa suna kai-komo tsakanin ƙasashen biyu, kuma waƙoƙin da makaɗi Ɗan Anace ya yi wa ɗan dambe Shago sanannu ne a ɓangarorin biyu. Jihar Tahoua ita ce ta karɓi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a 1975, Nijar kuma ta samu lambarta ta farko a wasannin Olamfik ta hanyar damben zamani, lokacin da Issaka Daboré ya ci tagulla a Munik a 1972. Ke nan wasannin ƙarfi ba baƙi ba ne a wannan ƙasa. Baƙon shi ne salon horon da ya shigo ta wayar hannu, inda saurayi zai zuba siminti a gwangwani biyu, ya haɗa su da bututun ƙarfe, ya duƙufa yana ɗagawa don ƙirji ya buɗe. Tambayar da maƙalar ta ɗauko ita ce ko wannan aiki yana kai shi kusa da yin kisa a fage, ko kuwa nesanta shi yake yi.

2.0 Asalin Zargin

A mafi yawan ƙarni na 20, manyan masu horar da 'yan damben zamani a Amurka da Ingila sun hana yaransu taɓa ƙarfe. Gudun safe da tsallen igiya da dukan buhu da faskare su ne horon da aka amince da shi. Hujjarsu uku ce: tsoka mai kauri tana rage sauri, tana ɗaure gaɓoɓi, tana kuma cinye numfashi kafin a kai ƙarshen wasa. Bai kamata a yi watsi da wannan fahimta ba, domin daga abin da ido ya gani ta fito. Masu horon sun ga masu gina jiki don nuni, suka lura cewa duk girmansu ba su iya sakin hannu. Inda suka kuskure shi ne da suka ɗauka ɗaga ƙarfe iri ɗaya ne. Tun a 1951 Zorbas da Karpovich suka gwada saurin juya hannu na mutane 600, rabinsu 'yan ɗaga ƙarfe, sai aka tarar 'yan ɗaga ƙarfen sun fi sauran sauri. Fage ma ya ba da tasa shaidar: Michael Spinks ya ƙara nauyi ta horon ƙarfe ya doke Larry Holmes a 1985, Evander Holyfield kuma ya bi wannan hanya har ya karɓe kambun ajin masu nauyi daga hannun Buster Douglas a 1990.

3.0 Inda Ƙarfin Naushi Yake Fitowa

Ginshiƙin hujjar wannan maƙala shi ne cewa naushi daga ƙasa yake tasowa. Filimonov da abokan aikinsa, a nazarin da aka buga a 1985 a kan 'yan damben Tarayyar Sobiyet, sun raba ƙarfin naushi gida uku. A wajen ƙwararru, turawar ƙafar baya ta ba da kusan kashi 38 cikin ɗari, murɗawar ƙugu da gangar jiki kashi 37, miƙewar hannu kuwa kashi 24 kacal. A wajen ƙananan 'yan wasa lissafin ya juya: hannu ya ɗauki kusan kashi 38, ƙafa ta tsaya a kashi 16 da ɗoriya. Ma'anar wannan a bayyane take. Gwani da jikinsa duka yake duka, ɗan koyo kuwa ya fi shi dogara da hannu. Saurayin da ya ƙare ƙarfinsa a kan damatsa yana ƙara zurfafa kuskuren 'yan koyo ne, domin yana gina sashen da ya fi ƙarancin rabo a cikin naushin gwanaye.

Ma'aunin na'ura ya ƙarfafa wannan. Smith da abokan aikinsa a 2000 sun auna naushin hannun baya a Ingila, suka samu kimanin niyuton 4,800 ga ƙwararru, 3,700 ga matsakaita, 2,400 ga sababbin shiga. Adadin ƙwararrun ya yi kusa da nauyin buhu 10 na simintin Malbaza mai kilo 50, sai dai a cikin ƙiftawar ido yake sauka. Walilko da Viano da Bir, a 2005, sun gwada 'yan damben Olamfik 7, suka samu saurin hannu kusan mita 9 a daƙiƙa, suka kuma nuna cewa ƙarfin dukan yana ƙaruwa gwargwadon nauyin jikin da ɗan wasa ya iya jingina wa dunƙulensa. Loturco da abokan aikinsa kuwa, a 2016, sun nazarci 'yan wasa 15 na tawagar ƙasar Burazil, suka tarar waɗanda suka fi ƙarfin cinya da iya tsalle da nauyi a kafaɗa su ne suka fi nauyin naushi.

Saura batun lokaci. Tsoka tana buƙatar kusan kashi ɗaya bisa uku na daƙiƙa ko fiye kafin ta kai iyakar ƙarfinta, naushi kuwa yakan isa kafin hakan. Saboda haka abin da ɗan dambe yake nema shi ne saurin tara ƙarfi a farkon motsi. Aagaard da abokan aikinsa a Danmak sun nuna a 2002 cewa makonni 14 na ɗaga nauyi mai yawa sun ƙara wannan sauri, ta hanyar ƙaruwar saƙon da jijiyoyi ke aika wa tsoka. Tun a 1979 Moritani da deVries suka bayyana cewa ƙarfin da ake samu a makonnin farko na horo daga jijiyoyi yake zuwa, kafin tsoka ta soma kauri. Wannan ya nuna mutum yana iya ƙara ƙarfi sosai ba tare da jikinsa ya kumbura ba, muddin ya ɗaga nauyi mai yawa sau kaɗan, da niyyar sauri, yana hutawa tsakani.

4.0 Amsar Ƙorafe-ƙorafe

Ƙorafi na farko shi ne sandarewar gaɓoɓi. Afonso da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwaje da dama a 2021, ba su samu bambanci na a-zo-a-gani ba tsakanin horon ƙarfi da miƙe jiki wajen buɗewar gaɓoɓi. Sandarewa tana zuwa ne idan ana yin rabin motsi, ko aka fifita ƙirji aka bar baya, har kafaɗu suka ranƙwafo gaba. Laifin na tsarin horon ne.

Ƙorafi na biyu, na gajiya, ya fi na farko gaskiya, kuma dole a karɓi rabinsa. Kowane kilo na tsoka yana neman rabonsa na jini da iska. Anthony Joshua ya sha kaye a hannun Andy Ruiz a watan Yunin 2019, da ya dawo a watan Disamba a Saudiyya ya rage kusan kilo 5, ya yi turmi 12 yana zagaya fage har ya karɓo kambunsa. Wasa ɗaya ba ya zama hujjar kimiyya, amma ya dace da abin da Hickson ya gano a 1980, cewa idan aka haɗa horon ƙarfi da na juriya masu tsanani kusan kullum, ci gaban ƙarfi yakan tsaya wajen mako na 7, daga baya ma ya koma baya. Darasin shi ne jiki yana da iyakar abin da zai iya murmurewa daga gare shi, kuma ƙarfen da ya cinye lokacin dukan buhu da gwajin hannu da abokin wasa asara ce.

Ƙorafi na uku shi ne cewa duk nazarce-nazarcen naushin nan a kan masu safar hannu aka yi su, wasu kuma alaƙa kawai suka nuna tsakanin ƙarfi da naushi. Haka ne. Sai dai tsarin damben gargajiya yana ƙara wa hujjar nauyi. Ɗan dambe yana tsayawa ƙafafu a ware, garkuwa a gaba, hannun da aka naɗe da zare a can baya, don haka dukansa doguwar tafiya yake yi wadda ƙugu da ƙafar baya ke jagoranta fiye da ta damben zamani. Ƙari a kan haka, kisa yana tabbata da zarar hannu ko gwiwa sun taɓa ƙasa, ke nan ƙafa mai ƙarfi makami ce kuma kariya ce. Sannan Lauersen da abokan aikinsa, bayan nazarin gwaje-gwaje 25 da suka ƙunshi mutane sama da 26,000, sun bayyana a 2014 cewa horon ƙarfi ya mayar da raunukan wasanni ƙasa da kashi ɗaya bisa uku. Ga wanda yake duka da hannu ɗaya shekara da shekaru, horar da ɓangarorin jiki biyu daidai kariya ce ga kafaɗa da baya.

5.0 Yanayin Ɗan Damben Yankin Konni

Wani zai ce saurayin wannan yanki ba ya buƙatar ƙarfe, tunda rayuwarsa ma horo ce: noman damina, noman rani a filayen ban-ruwa na Konni, dakon buhunan albasar Galmi, lodin siminti a Malbaza, da aikin fawa. Lallai waɗannan ayyuka suna gina juriya da riƙo da taurin jiki, kuma su ne suka raini 'yan damben da. Amma motsinsu a hankali yake, ana maimaita shi yini guda, jiki kuma yana koyon tattalin ƙarfi don ya kai yamma. Naushi akasin haka yake nema, wato a zubar da ƙarfi duka a lokaci guda. Gurbin da ɗaga ƙarfe zai cike ke nan, kuma ƙarami ne. Sau 2 a mako ya wadatar: tsugunno da nauyi a kafaɗa, ɗaga nauyi daga ƙasa da baya a miƙe, tsalle, wurga buhun yashi gefe da murɗa ƙugu, da horon wuya. Nauyi mai yawa a ɗaga shi sau 3 zuwa 5, a huta minti 2 ko 3, a tsaya kafin motsi ya soma yin sanyi.

Yanayin ƙasa ma yana da hukunci. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, don haka horon sassafe da yawan shan ruwa wajibi ne. A tsakiyar aikin gona ya kamata a rage zuwa sau ɗaya a mako, a makon wasa kuma a sassauta sosai. Tsoka ba ta murmurewa sai da abinci da barci, kuma fura da nono da wake da ƙuli-ƙuli da ƙwai suna ba da sinadarin gina jiki da kuɗi kaɗan. Babban haɗari shi ne haɗa ƙarfe da ƙwayoyi irin su tiramol, domin suna rufe zafin da ke gargaɗin cewa gaɓa ta kusa lalacewa. Mai sha'awar damben zamani kuwa yana da ƙarin dalilin guje wa kumbura, tunda a can ajin nauyi ake bi, kuma kilo kaɗan kan iya tura shi cikin waɗanda suka fi shi tsawo da ƙashi.

6.0 Kammalawa

Hujjojin da aka bi sun haɗu a wuri ɗaya. Tsofaffin masu horo sun yi daidai da suka ƙi jiki mai kumburi marar sauri, samari kuma sun yi daidai da suka ga ƙarfi yana da rabo a cikin nasara. Ɗaga ƙarfe yana taimakon ɗan dambe idan ya zama ƙarin horo mai ƙayyadadden lokaci wanda ya fuskanci ƙafa da ƙugu da sauri. Yana cutar da shi idan ya maye gurbin koyon hannu, ko ya zama neman surar da za a nuna. Bahaushe ya ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Don haka maƙalar tana kira ga iyayen gidan dambe da malaman motsa jiki na makarantun Konni da Malbaza da Illela su haɗa hannu su koya wa samari ɗaga nauyi bisa ƙa'ida, su kuma riƙa auna ci gabansu da nisan tsalle da saurin hannu, ba da faɗin ƙirji ba.